Goron Sallah da Walimar Ƙarshen Shekara a Wurin Aiki: Yadda Za a Shirya Ba Tare da Tara Shara Ba

Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar bikin ofis shi ne mai shara. Washegarin walimar ƙarshen shekara, ko ranar da aka raba kayan Sallah, shi ne zai tarar da ledojin ruwa an sha rabi an yar, da fararen robobin abinci da sauran shinkafa a ciki, da cokulan roba, da fasassun balan-balan, da ledar naɗi mai ƙyalli. Ko dai ya tara su a bayan katanga ya cinna musu wuta, ko iska ta kwashe su zuwa kwata su jira damina, ko akuyar unguwa ta haɗiye. Mahaucin da ya daɗe yana fawa ba ya mamaki idan ya farka tumbi ya tarar da dunƙulen leda a ciki. Duk abin nan kuma da kuɗi aka sayo shi jiya, kuɗin ma'aikata ko na karo-karon ma'aikatanta.

Wannan jagora ta mutanen da aka ɗora wa nauyin shirin ce: kwamitin walwala, ko sakataren ƙungiyar ma'aikata, ko mutum ɗayan nan da ke kowane ofis wanda komai ake cewa "a bar wa wane." Sharar biki tun a teburin kwamiti ake haifarta, ranar da aka rubuta abin da za a saya ba tare da an ƙirga mutane ko an tambaye su ba. In aka gyara wannan zaman, sauran aikin mai sauƙi ne, kuma sau da yawa kuɗin ma raguwa suke yi.

Ga masu aikin gwamnati, maganar ta wuce ta ra'ayi. A watan Yunin 2024 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta sanar da hana amfani da robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar a ma'aikatu da hukumominta. Jihar Legas ta haramta farar robar abincin nan mai kama da soso tun Janairun shekarar. Jamhuriyar Nijar tana da dokar hana leda tun 2014, Ruwanda tun 2008, Kenya tun 2017. Ko ana bin dokokin nan sau da ƙafa wata magana ce daban, wanda ya shiga kasuwa ya san amsa. Amma sun ba ɗan kwamiti hujjar da zai ajiye a gaban shugaba idan aka ce masa ya cika ƙaƙale.

Ƙidaya da tambaya

Ku zauna da wuri. In Ƙaramar Sallah ce, ku zauna kafin a ga watan azumi, domin da zarar azumi ya kai goma ba telan da zai saurare ku, farashin kayan masarufi kuma ya fara hawa. In Kirsimeti ne ko rufe shekara, farkon Nuwamba. Duk abin da za a saƙa ko a ɗinka ko a rina yana son mako shida, kuma mai sana'ar hannu yana son kafin alƙalami kafin ya sayi kayan aiki. Kwamitin da ya zauna ana saura kwana biyar ba shi da zaɓi sai abin da ke kan kantar babban shago, an riga an naɗe shi da leda hawa uku.

Abu na farko shi ne sunaye. Jerin albashi ba ya isa, domin masu gadi da masu shara a ma'aikatu da yawa yanzu 'yan kamfanin kwangila ne, ba sa cikinsa. Haka 'yan bautar ƙasa da ɗaliban da suka zo sanin makamar aiki. Ku bi ofis-ofis ku rubuta kowa, ku ware waɗanda suka tafi hutu ko aikin waje a ranar. Lamba biyu kuke nema: yawan masu karɓar kyauta, da yawan waɗanda za su zauna su ci abinci. Ba ɗaya suke ba, kuma haɗa su wuri guda ne ke sa a dafa wa mutum ɗari da hamsin, saba'in su zo.

Na biyu, ku tambaya. Mu Hausawa muna jin nauyin a tambaye mu abin da muke so a ba mu, don haka kada a jefa tambayar a buɗe. A rubuta abu uku ko huɗu masu kusan kuɗi ɗaya, a tura a zauren WhatsApp na ma'aikata, kowa ya zaɓa. Wanda ba ya cikin zauren, a same shi a inda yake a yi masa magana cikin mutunci: "Baba, kwamiti zai yi ɗan rabon Sallah. Tsakanin shinkafa da mai, da fitilar sola, da kuɗin a hannu, wanne ya fi maka amfani a gida?" Za ku ji amsar da ba za ku taɓa ji a ɗakin taro ba. Mafi ƙarancin albashi a Nijeriya tun Yulin 2024 naira dubu 70 ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai na cinye kaso mai tsoka a ciki. Mutumin da ke wannan matakin, in ka miƙa masa kofi mai tambarin ma'aikata da dayari mai bangon fata, zai yi godiya don yana da tarbiyya, amma ba ka ba shi komai ba.

Me za a bayar

Ma'aunin da nake bi ɗaya ne. Kyautar ta zama ko dai abin da za a cinye ƙarƙaf, ko abin da za a shekara ana mora. Abin da ya faɗo a tsakani shi ne shara: agogon bango mai araha da zai tsaya bayan wata biyu, abin cajin waya na jabu, biro mai suna, maƙalin makulli, riga mai ɗauke da shekarar bikin wadda daga Janairu ta zama tsumman goge mota. Kalanda tana da amfani, amma a buga daidai yawan ofisoshi da gidajen da suka nema. Kusan kowane sito a ma'aikatunmu yana da damin kalandar shekarun baya da ba a kwance ba.

A ɓangaren abin ci, ƙasar nan ba ta bar mu da uzuri ba. Hatsi da wake da riɗi suna Dawanau, shinkafar gida tana zuwa daga Kebbi da Haɗeja da Kura, dabino yana Dutse, citta tana Kachia da Kwoi, dankalin turawa yana Filato, ganyen shayi yana Kakara a tsaunin Mambila. Ga zuma, ga man shanu, ga man gyaɗa na matan unguwa, ga kilishi, ga yajin daddawa. A kayan kwalliya ga man kaɗe da sabulun salo. Abin da aka saya kusa da inda aka noma shi bai sha doguwar tafiya ba, bai zo cikin kwali a cikin kwali ba, kuɗin kuma sun tsaya a hannun wanda zai yi Sallah da su a nan kusa. Sai dai a sa ido: zuma ta fi komai shan algus, don haka a sayi kwalba ɗaya a gwada kafin a ba da odar jarka. Man gyaɗa kuma a tabbatar da jarkar da aka zubo shi ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba.

Ku saya a buhu, ku auna da kanku. Ƙananan ƙunshi na kamfani sun fi tsada a kan kowane kilo, kuma kowanne da ledarsa. Amma ku tuna yadda mutane za su koma gida. Mai hawa adaidaita sahu ko motar haya ba zai iya da buhu mai kilo 50 ba. Kilo 10 ko 25 ya fi masa, kuma a raba ana saura kwana biyu ko uku a tashi hutu, domin masu tafiya ƙauye su samu haɗa shi da kayansu.

Kwandon kyauta irin na manyan shaguna, wanda ake kira hamfa, ku yi hattara da shi. Rabin girmansa takarda ce aka cusa a ƙasa don kaya su taso, sauran kuwa sau da yawa biskit ne da lemon kwali da suka kusa ƙare wa'adi. A ofishin da Musulmi da Kirista ke aiki tare, kamar yadda yake a Kaduna da Jos da Abuja da Yola, sai ka ga kwalbar giya ta iso teburin Alhaji don ba wanda ya buɗe ya duba. In dole sai kwando, ku sayi kwandon ku cika shi da hannunku.

A ɓangaren abin da zai daɗe, fitilar sola mai kyau tana gaba. Tana raba gida da sayen batir da ake yarwa, yara kuma su yi karatun dare. Amma mai kyau na ce: a saya wurin dilan da zai ba da garanti a rubuce, a kunna kowacce kafin a biya. Fitilar da ta mutu bayan wata guda ta fi leda illa, domin batirinta ne zai ƙare a juji. Kular abinci ta ƙarfe, filas ɗin shayi, gorar ruwa mai ƙwari, murhu mai tsimin gawayi, ko cika wa mutum tukunyar gas, duk suna cikin wannan sahu. Wanda ya samu kula da gora, ya rage sayen abinci a roba da ruwan leda har tsawon shekara, a cikin ofishin naku ma.

Sai kayan hannu, waɗanda suka fi dacewa da baƙi da abokan hulɗa da manyan da ba shinkafa suke nema ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau tana rini da baba. Dukawan Kano da Zariya da Sakkwato da na Naraguta a Jos suna ɗinka jaka da alabe da titimi. Bida tana da maƙeran farin ƙarfe da tagulla. Masu aiki a Abuja, tukwanen Ushafa suna bayan gidansu, kuma matar da ke bayan takardar naira 20, Ladi Kwali, da ginin tukwane ta yi suna har ƙasashen waje. Abin takaici ne a ce ma'aikata tana zaune kilomita kaɗan daga Kasuwar Kurmi ta Kano, amma kyautar da za ta ba baƙonta sai an ɗauko ta a kwantena daga wata nahiya an buga mata tambari. Ku je wurin mai sana'ar da kanku, ku ga samfuri, ku yi ciniki na mutunci. Kada a matse shi har sai ya rage ingancin fata kafin ya fita.

Kuɗi a hannu fa? Babu kyautar da ta kai su rashin shara, kuma goron Sallah dama can kuɗi ne. Wasu shugabanni ba sa son su don ba a ɗaukar hotonsu. In mutane sun zaɓe su, a tura musu ta asusu, a huta da ambulan da neman sababbin takardu.

Mazubi

Nan ne ake yawan yaudarar kai. Jakar nan mai laushi kamar yadi da ake bugawa suna a rabawa a taro, wadda ake cewa ta kare muhalli, roba ce aka narka aka matse. Hannunta na tsinkewa, ba ta ruɓewa. Kofin takarda yana da siririyar leda a cikinsa, shi ya sa ba ya jiƙewa. Ledar da aka rubuta wa cewa tana ruɓewa, da yawa daga cikinta farfashewa kawai take yi ta zama ɓarɓashi a cikin ƙasa. Ko jakar auduga ta gaske, noma audugar da saƙa ta sun ci ruwa da makamashi, don haka ba ta biyan bashinta sai an yi ta amfani da ita. In za a riƙa raba sabuwa kowane biki, an koma gidan jiya.

Abin nema shi ne mazubin da shi kansa kyauta ne. Kwandon kaba, adudu, faifai a rufe da wani faifan, ƙwarya, bokiti mai murfi, ko kular da aka ambata a baya a zuba dabinon a cikinta. Matar gida za ta sami abin yi da kowanne. In jaka ake so, a je wa tela da wuri a ce ya haɗa ta da ragowar atamfa da shadda da ke tare a ƙarƙashin kekensa, ya ninka ɗinkin hannun don ta ɗauki kilo goma. Jakar da ba ta da shekara a jikinta, kuma tambarin ma'aikata ɗan ƙarami ne a gefe, za a kai ta kasuwa da Islamiyya da coci. Wadda aka cika da hoton shugaba za ta ƙare a ƙarƙashin gado. Hanya mafi arha kuma ita ce a sanar tun da wuri cewa ranar rabo kowa ya zo da buhunsa da galan ɗinsa. A shekarar farko za a yi gunaguni, wasu su manta; ku tanadi buhunan da kuka juye kayan don su.

Watanda

Ma'aikatu da yawa suna haɗa kuɗi a sayi sa a yanka a jajibirin Sallah ko Kirsimeti, a kasa kashi-kashi. Al'ada ce mai kyau, kuma ta fi sayen nama kilo-kilo sauƙi. Ɓarnar tana wajen yadda ake yi. Kowane kashi sai a zuba shi a baƙar leda, a ninka da wata don jini, ga ta kayan ciki daban. Nama mai ɗumi a ƙulle cikin leda a zafin Maris yana iya canza wari kafin mai shi ya isa gida. Kowa ya kawo roba mai murfi ko kwano, a rubuta sunansa a jiki, a jera su a inuwa, mahauci ya auna ya zuba.

In akwai mayanka kusa, a yanka a can, inda akwai ruwa da magudana da mai duba lafiyar dabba. In a harabar ofis za a yi, a haƙa rami tun da safe don jini da abin da ke cikin tumbi, a rufe da ƙasa. Bayan 'yan watanni wurin ya fi ko'ina taki. Kada a tura su kwata. Babbakar kai da ƙafa kuma a hana yin ta da tsohuwar taya, ko da mahaucin ya ce ta fi sauri. Baƙin hayaƙin nan guba ne ga mai shaƙa, kuma yana kama naman da za a ci. Itace ko wutar gas sun wadatar. Fatar a shirya wanda zai karɓe ta tun kafin a kayar da san. In za ta kwana, a shimfiɗa ta a barbaɗe cikinta da gishiri.

Ranar walima

Ku yi ta a harabarku, da rana. Zauren biki na haya yana nufin kowa ya ƙona mai zuwa da dawowa, ga janareta na ruri don sanyaya ɗaki, alhali kowace litar dizal da aka ƙona tana sakin kusan kilo 2.7 na iskar kabon. A watan Disamba, sanyin hunturu ya riga ya yi muku aikin na'urar sanyi. Rumfa da kujerun haya a gindin bishiya daga ƙarfe sha ɗaya zuwa azahar sun isa. In walimar bayan Sallah ce a tsakiyar bazara, a yi ta da hantsi ko bayan la'asar. Matan aure da masu nisan gida ma sun fi son haka a kan taron dare.

Ruwa shi ne babban abin da ke cika fili da leda, lissafinsa kuma a bayyane yake. Jakar ruwan leda tana da ƙulli 20 na rabin lita, wato lita 10. Babbar gorar disfensa tana ɗaukar kusan lita 19, daidai da ƙulli 38, kuma mayar da ita ake yi a sake cikawa. In mutum ɗari za su sha lita ɗai-ɗai, ko dai leda 200 a ƙasa, ko gora shida da za a mayar wa mai su. Abin da ake bukata kawai kofuna ne: a yi hayar na gilashi ko na silba, ko kowa ya fito da na teburinsa. Lemo kuma a sayi na kwalba a kiret, a mayar da kwalaben. Ya fi kyau ma a ba wata daga cikin matan da ke sana'ar kwangilar zoɓo da lemon citta da kunun aya a manyan kuloli. Kunun aya dai a yi shi a ranar, a sa masa ƙanƙara, don ba ya jure zafi.

Da mai girki, ku yi magana dalla-dalla tun wajen ciniki: abinci zai zo a manyan kuloli, a zuba a faranti na haya da cokulan ƙarfe, wanke-wanke yana cikin kuɗin aiki. Za ta ce robar tekawe ta fi mata sauƙi, gaskiyarta ne, don haka a biya ta ladan wankin. Kuɗin robar da ba a saya ba za su rufe wani ɓangare. A sa masu zubawa su zuba daidai ci, mai son ƙari ya dawo. Ƙunshin da aka riga aka rufe yana ba mai ƙaramin ciki da mai babban ciki abu ɗaya, shi ya sa ake tarar da rabi a bola. Waina da miyar taushe, dambu, sinasir, alala da aka dafa a gwangwani ko ganye maimakon ƙullin leda, duk suna tafiya da faranti lafiya lau.

Akwai wata gaskiya da kwamiti ya kamata ya karɓa: mutane da yawa suna son tafiya da nasu gida don yara. Ba abin kunya ba ne, kuma kada a mayar da shi abin kunya. A faɗa a sanarwa cewa mai son tafiya da abinci ya zo da kularsa. Ragowar tukunya kuma a san inda za ta tun kafin a dafa: masu gadin da ke bakin aiki, makarantar allo ta kusa, masu jinya a asibiti. A naɗa mutum ɗaya da abin hawa wanda aikinsa ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Sadakar da ta kwana a rana ta zama cuta, don haka a kai ta ana tashi.

Ado ba ya son dogon bayani. A bar balan-balan. Ƙyallen sanarwar biki a buga shi ba shekara, ba sunan shugaba, a naɗe a ajiye don baɗi. Tabarmi masu launi, zannuwan rini a kan tebur, da tukwanen fulawar da dama ke harabar sun ƙawata wuri. Katin gayyata da na gaisuwa a tura ta waya, sai 'yan kaɗan na takarda ga dattawan da aka san suna daraja shi. A ajiye mazubin shara uku a inda ido ke gani, na ragowar abinci, na gwangwani da gorar roba, da na sauran tarkace, a tsayar da mutum kusa da su, don rubutu kaɗai ba ya hana kowa jefawa inda ya ga dama. Ragowar abinci mai kiwo zai ɗauka da murna, gwangwani da gora kuma 'yan jari-bola saye suke yi.

Kyautar tsakanin ma'aikata, da wadda ke shigowa daga waje

A bankuna da kamfanoni da ƙungiyoyin agaji an fara yin musayar kyauta ta ƙuri'a: kowa ya ɗauki sunan abokin aiki a ɓoye ya saya masa abu. Tana da fa'ida, domin kowa abu ɗaya zai saya maimakon goma. A sa iyakar kuɗin da ƙaramin ma'aikaci zai iya, kowa ya rubuta abu biyu da yake so a jikin takardar sunansa, kuma shiga ta zama ganin dama. A yarda da abin da mutum ya yi da hannunsa: wadda ta iya alkaki ko dubulan ko cincin ta kawo, mai kiwon kaji ya kawo ƙwai. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maƙwabta Musulmi da Kirista sun daɗe suna aika wa juna kwanon abinci ranar Sallah da ranar Kirsimeti, a juye a wanke a mayar da kwanon.

Kwandunan da 'yan kwangila ke aikowa ofisoshin gwamnati a ƙarshen shekara kuwa, matsalarsu ta wuce ta leda. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Abin da ya bari shi ne kyautar dangi da abokai gwargwadon al'ada. Wasiƙa ɗaya daga shugaban ma'aikata a watan Nuwamba, cewa an gode amma kada a aiko, ta kashe maganar ta fuska biyu.

Bishiya

Duk kwamitin da ya fara tunanin muhalli, shawarar farko da wani zai kawo ita ce a raba wa kowa dashen bishiya. Niyyar tana da kyau, musamman a jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Amma a duba kalanda. Disamba tsakiyar rani ne. Ƙaramar Sallar 2025 ta faɗo a ƙarshen Maris, Babba a farkon Yuni, kuma kowace shekara suna matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya, wato na tsawon shekaru masu zuwa duka biyun a cikin rani za a yi su. Dashen da aka miƙa wa mai zaman gidan haya, wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, a irin wannan lokaci, zai bushe a cikin ledarsa a bayan ƙofa.

A raba abin gida biyu. Ranar biki a rubuta sunan duk mai so, da irin da yake so, da inda zai dasa. Mangwaro, gwaiba, lemon tsami da zogale sun fi samun kulawa, domin mutum ya fi shayar da abin da zai ci. Darbejiya ta fi dacewa da ƙofar gida da harabar ofis saboda inuwa da jure fari. A ba mai gandun dashe oda da kafin alƙalami, a karɓo idan damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yawancin ƙasar Hausa. A haƙa rami kamar kamu ɗaya zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a yanke ledar a cire ba tare da an fasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba, a dasa da yamma. Waɗanda za a dasa a harabar ma'aikata, kowacce a ɗaura mata sunan sashen da zai kula da ita, a kewaye ta da ƙaya ko waya ko tubali saboda awaki. A cikin kasafin bikin kuma a ware kuɗin ban-ruwa na ranin farko, daga Nuwamba zuwa saukar ruwa, tare da ɗan alawus na wanda zai riƙa zubawa ranakun hutu.